Tudun da Tsoho Ya Roƙa: Jawabi a Bikin Cikar Ikkilisiyarmu Shekara 50

Wanda ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiya ya gabatar a sujadar godiya

Wuraren karatu: Joshuwa 14:6-15, Littafin Ƙidaya 13 da 14, Littafin Firistoci 25

  

Sa'ad da kwamitin biki suka zo gidana suka ce ni zan yi wannan jawabi, na ce musu ga 'ya'yanmu nan masu digiri, ga fastoci da suka yi makarantar tauhidi, me za a yi da tsohon manomi? Suka ce ba ilimi suke nema ba, wanda ya gani da idonsa suke nema. Na duba, ashe cikin waɗanda suka zauna a sujada ta fari, mu da muka rage ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba, ni ne kuma haƙorana suka fi saura. Shi ya sa na yarda. Sun ba ni minti 20. Baba shugaba, in na zarce, ka ja mini riga.

Yaran yau suna ganin wannan gini mai kwano da fanka da lasifika, sai su ɗauka haka ya tsiro daga ƙasa kamar kuka. A'a. A gindin ɗorawa muka fara, can inda rijiyar burtsatse take yanzu. Ba mu cika tabarma uku ba, har da 'yan goye. Lokacin ba a daɗe da fita daga babban farin nan na 1973 ba, rumbuna wayam, dabbobi sun mutu, naira kuma sabuwa ce a hannun mutane, tsofaffi ba su daina lissafi da fam da sule ba. Baikonmu na fari ba kuɗi ba ne. Tiyar dawa ce, da 'yan ƙwai, da wata kaza mai ɗingishi wadda ma'aji ya rasa yadda zai rubuta ta a littafi. Ƙararrawarmu kuwa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshe, ni ne mai buga shi, domin ni ne ƙaramin samari.

Mai bisharar da aka aiko mana ya zo da matarsa, da keke, da akwatin ƙarfe guda ɗaya. Da rana manomi ne kamar kowa, da dare malami. A gaban fitilar ƙwai ɗaya muka koyi karatu, gama ka'idarsa ita ce ba wanda zai shiga ruwan baftisma sai ya iya buɗe Littafi ya karanta da bakinsa, in ba tsohon da ido ya gaza ba. Littafi Mai Tsarki ɗaya ne tak a garin, tsohon juyin nan na 1932, matarsa ta ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa. Ɗakin sujadarmu na fari na zana ne da jinka, wutar daji ta cinye shi. Muka yi na ƙasa. Maza suna kwaɓa, suna buga tubali, mata suna jido ruwa daga rafi da tulu, da goyo a baya, suna waƙa. Ruwan sama ya zo ya kwantar da bango ɗaya, muka sake tayar da shi. Ban faɗi wannan domin a tafa mana ba. Aikin gini shi ne mai sauƙin. Akwai uwar da aka kora daga gidan miji da jariri a bayanta saboda ta ƙi komawa ga tsafi. Akwai wanda aka hana shi gādon gona. Akwai wanda ya nemi aure gida uku aka hana shi. Jikokinsu suna zaune a nan yau, waɗansu ma ba su san labarin ba.

Laifinmu ne da ba su sani ba. Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, Ubangiji ya sa aka ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin aka kafa a Gilgal, dalili kuwa ɗaya ne: domin yara su gani su yi tambaya, iyaye kuma su ba da amsa. Wannan ɗan littafin biki da ke hannunku, shi ne duwatsunmu. Kada ku bari a naɗe ƙosai da shi.

Amma Bahaushe yana da magana biyu a kan tuna baya. Ya ce waiwaye adon tafiya. Ya kuma ce kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba. Duka biyu gaskiya ne. Akwai tunawa irin ta mai tafiya, ya waiga ya ga nisan da ya yi, ya ƙara ɗaura ɗamara. Akwai kuma tunawa irin ta wanda ya ajiye kaya, ya zauna a inuwa yana ba da labarin ƙarfin da yake da shi dā. Tsorona game da bikin nan shi ne kada mu yi ta biyun. Mun ɗinka anko, mun yanka sa, mun buga kalanda. In a nan muka tsaya, to, mun yi bikin sadakar arba'in ne, ba na haihuwa ba.

Mu ma da muka zauna a gindin ɗorawa, ba mu ne farko ba. A watan Disamba na 1893 waɗansu samari uku suka sauka a Ikko: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Ba wata babbar ƙungiya a bayansu, ba isasshen kuɗi. Waɗanda suka riga su zuwa bakin teku suka gaya musu cewa ba za su taɓa ganin ƙasar nan tamu ba. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aikin ya sami wurin zama a Patigi. Shekara kusan tara ke nan, abin da za a nuna kaburbura ne. A wannan Girku kuma, a 1900, ayarin CMS na Bishop Tugwell da Likita Miller suka yi zango bayan Sarkin Kano Alu ya ce su bar masa gari, a can suka binne ɗaya daga cikinsu. A 1904 Karl Kumm da abokansa na SUM suka kafa a Wase. A 1923 'yan CBM suka yi sujadarsu ta fari a gindin tsamiya a Garkida. Kun ga ashe gindin itace gādonmu ne.

Kada kuwa wani ya ce wannan labarin Turawa ne. Ku tuna da Isawa, Hausawan nan almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano tun kafin zuwan Turawa saboda abin da yake koyarwa game da Annabi Isa. Jikokin almajiransa ne suka nemi Likita Miller a Zariya a 1913, aka kafa musu gari a Gimi. Ciwon barci ya shiga garin ya yi musu kisan kiyashi, waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya kuma aka tashi zuwa Wusasa a 1929. In da mai lissafi ne ya tsaya a Gimi a kwanakin nan, cewa zai yi asara ce tsantsa. Amma daga wannan ƙaramar jama'a ta Zariya da Wusasa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko a Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Daga 1948 kuma masu bi na ƙasar nan suka fara aika nasu 'yan mishan da kuɗin aljihunsu. Irin wannan aike ne ya kawo mana mai keke da akwatin ƙarfe. Waɗansu matalauta da ba su taɓa ganinmu ba, su ne suka rage tuwonsu domin mu ji bishara.

Yanzu bari in zo ga tsohon da na ɗauko sunan jawabina daga wurinsa, wato Kalibu ɗan Yefunne.

Kun san labarin. Musa ya aiki mutum 12 daga Kadesh su leƙo asirin ƙasar Kan'ana. Suka yi kwana 40. Suka komo da nonon inabi wanda sai da mutum biyu suka ɗauka a sanda. Dukansu sun yarda ƙasar tana da kyau. Dukansu sun ga biranen masu garu, sun ga Anakawa, ƙattin nan. Ido ɗaya suka yi kallo da shi. Goma suka ce ba za a iya ba. Da farko gaskiya suka faɗa, amma da tsoro ya sami wurin zama sai suka fara ƙari, har suka mai da kansu fāra. Haka tsoro yake, da gaskiya yake farawa. Kalibu da Joshuwa suka ce a tafi, gama Ubangiji yana tare da su. Jama'a suka ɗebi duwatsu za su jajjefe su. Sakamakon wannan dare ɗaya na kuka, shekara 40 ke nan cikin jeji, tsara guda ta ƙare a hanya.

Ku tsaya ku yi tunanin Kalibu cikin shekarun nan. Shi bai yi laifi ba, amma ya sha hukuncin tare da masu laifi. Yana da shekara 40 sa'ad da ya ga ƙasar. Ƙarfinsa na samartaka ya ƙare wajen kafa alfarwa da tuge ta, yana binne sa'o'insa ɗaya bayan ɗaya. Bai ware ya kafa tasa ƙungiya ba. Bai ɗebi iyalinsa ya ce tun da kun ƙi, ni na tafi ba. Ya zauna da mutanen da suka so su kashe shi, ya ci manna ɗaya da su. Mu da muke rabuwa a kan wanda zai riƙe mabuɗin sito, mu lura da wannan.

Bayan shekara 45, ana rabon ƙasa a Gilgal, a gefen duwatsun tunawa ɗin nan, sai ga tsoho ɗan shekara 85 ya zo gaban Joshuwa. Ya fara da tuni. Ya tuna masa da Kadesh, ya tuna masa da rantsuwar Musa, ya shaida cewa Ubangiji ne ya raya shi har ranar. Duk wanda yake wurin zai zaci tsohon fadama zai roƙa, wuri mai laushi kusa da ruwa inda zai shimfiɗa buzu ya huta. Ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya roƙi ƙasar tuddai ta Hebron, inda Anakawan suke zaune har lokacin, wato daidai wurin da ya firgita goman nan. Bai kuma yi fāriya ba. Cewa ya yi in Ubangiji yana tare da shi, zai kore su. Ya kuwa kori 'ya'yan Anak uku, Sheshai da Ahiman da Talmai.

Na daɗe ina tambayar kaina, me ya sa Hebron? Sai wata rana ina karatun Farawa na ga abin. A Hebron ne kogon Makfela yake, inda Ibrahim ya sayi wuri ya binne Saratu, inda aka binne shi kansa, da Ishaku, da Yakubu. Wato kaburburan iyayen da aka yi wa alkawari suna hannun ƙattin. Sauran 'yan leƙen asiri sun je Hebron sun ga Anakawa. Ina jin Kalibu ya je Hebron ya ga kabarin Ibrahim. Wannan fahimtata ce, fastoci suna nan, in na kauce su gyara. Amma abin da na gane shi ne, tunawarsa ce ta haifi ƙarfin halinsa. Wanda ya manta abin da Allah ya yi jiya, kowane tudu zai fi ƙarfinsa yau.

'Yan'uwa ƙaunatattu, da zan so in tsaya a nan in ce mu ne Kalibu, ku tafa, a shiga cin abinci. Ba zan iya ba, gama zuciyata za ta kāshe ni. Ni da nake tsaye gabanku, na taɓa zama cikin goman nan.

Dukanku kun san ƙananan majami'u biyu da muka haifa a ƙauyukan yamma. Da 'yan bindiga suka fara addabar yankin, ana ɗauke mutane a gona, ana kora shanu, majalisar dattawa ta zauna a kan maganar mai bisharar da muke da shi a can. Shi ya ce zai zauna da mutanensa, a dai ci gaba da aika masa ɗan abin hannu. Ni na miƙe na yi lissafi. Na ce hanya ba ta biyuwa, asusu ba kuɗi, ga aikin katanga a gabanmu, in aka ɗauke shi wa zai biya? Ba ƙarya ko ɗaya cikin abin da na faɗa. Aka bi shawarata, aka dawo da shi. Har yau ban ce dawo da shi kuskure ne ba, wataƙila ransa muka ceta. Kuskuren shi ne abin da ya biyo baya. Daga ranar muka daina ambaton ƙauyukan nan, har cikin addu'a. Mutanen suka watse. Da yawansu suna nan bakin garin nan, cikin kangaye da rumfunan leda, tafiyar da ba ta kai ta zuwa kasuwa ba. 'Ya'yansu ba sa makaranta. Waɗanda muka yi musu baftisma da hannunmu suna jin ƙararrawarmu kowace Lahadi, kunyar tsummokaransu ta hana su shigowa. Mu kuwa muka gama katanga, muka shafa mata fenti saboda wannan biki. Wata uwa ta Zumuntar Mata ta gaya mini a lokacin cewa, "Baba, kun ƙirga kuɗi, kun ƙirga 'yan bindiga, ba ku ƙirga Allah ba." Na ji haushinta ƙwarai. Yau a gaban jama'a ina ce mata, Mama, ke ce kika yi gaskiya, ki gafarce ni.

Ban raina tsoronmu ba. Tsoron yana da dalili. Mun ga watan Maris na 1987, sa'ad da rikicin Kafanchan ya bazu har Zariya da Funtuwa da sauran garuruwa, aka ƙone majami'u. Mun ga 2000, mun ga 2011. Mun ji kukan iyayen 'yan matan Chibok 276 da aka ɗauke a 2014, da na ɗaliban makarantar Bethel Baptist ta Kaduna a 2021. Mun ga hoton Rabaran Lawan Andimi na Michika a hannun waɗanda suka kama shi, yana magana a natse, yana ce wa iyalinsa kada su yi kuka, su gode wa Allah, kafin a kashe shi a watan Janairu na 2020. Waɗannan ba tatsuniya ba ne. Maƙwabtanmu Musulmi da ke zaune a nan su ma sun binne nasu, su ma sun sayar da shanu sun biya kuɗin fansa, gama ɗan bindiga ba ya tambayar sunanka kafin ya ɗaure ka. Ina kuma so yaranmu su riƙe sunan Liman Abubakar Abdullahi na ƙasar Barikin Ladi, wanda a watan Yuni na 2018 ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Tsoho ne shi ma a lokacin. In za mu tuna wuta, mu tuna da wanda ya kawo ruwa.

Ba kuma ganganci nake kira a yi ba. Littafin Ƙidaya 14 bai ƙare a kan masu tsoro ba, ya ƙare a kan masu ganganci. Da jama'a suka ji hukunci, sai suka yi sammako suka ce yanzu kam za su hau tudu. Musa ya hana su, akwatin alkawari bai motsa ba, suka tafi da ƙarfin kansu, aka fatattake su har Horma. Jiya sun ƙi tafiya da Allah ya ce a tafi, yau sun tafi da Allah ya ce a tsaya. Rashin biyayya ne duka biyu. Saboda haka, 'ya'yana matasa, ba wanda ya ce ku hau babur ku shiga daji da dare ku ce bangaskiya ce. Ba wanda kuma ya ce ku ɗauki makami ku je ramuwa. Tudun da nake nuna muku ya fi wannan wuya, domin ba a hawansa da zafin jini na kwana ɗaya.

Ga shi. Mun kira wannan biki jubili. Kalmar daga Littafin Firistoci 25 take, kuma a can ba anko ba ne. A shekara ta 50 akan busa ƙaho a ƙasar duka. Wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gādonsa, gonar ta koma hannunsa. Wanda ya sayar da kansa bauta ga ɗan'uwansa, ya koma gida. Dalilin da aka bayar shi ne, ƙasa ta Ubangiji ce, mu baƙi ne a cikinta. Tun kafin shekarar ta zo ma, an ce dangi na kusa ya zo ya fanshi abin da ɗan'uwansa ya sayar. Mu da muke kiran Yesu Mai Fansa kowace safiya, ya kamata kalmar nan ta tsaya mana a maƙogwaro, yanzu da "kuɗin fansa" ya zama maganar yau da kullum a bakin 'ya'yanmu.

Cikin shekarun nan, gidaje nawa ne a ikkilisiyar nan suka jinginar da gona domin su karɓo nasu daga daji? Wa ya karɓi jinginar? Ba baƙi ba ne. Mu ne, masu ɗan hali, da muke zama a bencin gaba. Mun ce taimako muka yi, kuma a ranar taimako ne. Amma damina ta bi damina, muna nomawa muna cika rumbu, mai gonar yana ƙodago a gonar ubansa, kuɗin kuma yana nan a wuyansa bai ragu da kobo ba. Muna karɓar jibin Ubangiji daga faranti ɗaya da shi.

Akwai irin wannan gona a hannuna. Fadama ce ta wata gwauruwa, 'yar'uwarmu, wadda aka ɗauke ɗanta a hanyar kasuwa. Abin da na ci a fadamar nan ya ninka abin da na ba ta. Na zauna da uwargida da 'ya'yana, ba duka ne suka ji daɗi ba, ni ma ban yi barci sosai ba, gama fadamar tana da kyau. Amma jiya da yamma, a gaban Baba Fasto da mai unguwa, na mayar mata da gonarta, na yafe kuɗin, na yaga takardar. Ban faɗa domin a yabe ni ba. Abin kunya ne a ce sai da na jira shekara ta 50. Na faɗa ne domin kada wani ya ce tsohon yana aika mutane inda shi bai je ba. Ba na tilasta wa kowa, kuma na san akwai wanda shi ma bashi ya ci ya ba da jinginar. Irin wannan a zauna da dattawa a duba, a ƙirga abin da aka ci a gonar a rage. Amma kada rana ta faɗi a kan bikin nan ba mu fara maganar ba.

Sa'an nan mutanenmu na bakin gari. Mai bisharar da muka dawo da shi yana nan da rai, ga shi can zaune kusa da taga, shekarun nan yana sana'ar faci domin ya ci da iyalinsa. Garkensa bai ɓace ba, matsowa ya yi kusa da mu. Majalisa ta yarda a mayar da shi aikinsa a cikinsu, a ba shi albashi kamar kowane ma'aikaci, a kuma buɗe ajin karatu a ɗakunan makarantar Lahadi daga Litinin zuwa Jumma'a domin yaran nan, na Kirista da na Musulmi, ba tare da an tambayi kowa kuɗi ko an sa masa sharaɗi ba. Abin da zai riƙe wannan aiki shi ne abin da ya riƙe na fari: tiya daga kowane gida a lokacin kaka, mai albashi kuma ya yanka daga albashinsa kowane wata. Ba na shekara ɗaya ba ne. Ranar da hanya ta buɗe, da shawarar masu gari da hukuma, za mu raka su su koma su tayar da bangon majami'unsu, kamar yadda muka tayar da namu da ruwa ya kwantar. Wataƙila ni ba zan ga ranar ba. Kalibu ma da ya ci Hebron, birnin kansa aka ba firistoci, ya zama birnin mafaka, shi aka bar masa gonaki da ƙauyukan kewaye. Ba a rubuta cewa ya yi gunaguni ba. Daga baya a can aka naɗa Dawuda sarki.

Saura kalma ɗaya zuwa ga sa'o'ina, dattawa. Kalibu bai ci dukan tuddan shi kaɗai ba. Da aka zo Debir, sai ya buɗe wa matasa hanya, Otniyel ya tashi ya ci garin, shi ne kuma ya zama mahukunci na fari a Isra'ila. 'Yarsa Aksa kuma ta zo ta ce masa ƙasar da ya ba ta busasshiya ce, ya haɗa mata da ruwa. Bai ce yarinya ta yi rashin kunya ba, ya ba ta maɓuɓɓugan tudu da na kwari. Mu mukan ba matasa aiki mu riƙe mabuɗi. Mukan ce su ne manyan gobe, goben kuma ba ta zuwa, har su gaji su tafi birni ko wata majami'a, mu zauna muna cewa yaran zamani ba sa jin magana. Ajin karatun nan, matasa ne za su riƙe shi, su da Zumuntar Mata, da asusunsa da littafinsa. Mu namu addu'a ne da sa ido, da ba da shawara in an tambaye mu. Muna da malaman makaranta a cikinsu, muna da ma'aikatan jinya, muna da waɗanda suka gama karatu suna zaune ba aiki. Ni da aka ba ni ƙarfen mota in buga ina saurayi, ba wanda ya tsaya a kaina yana nuna mini yadda ake riƙe guduma.

Na ga Baba shugaba yana duban agogo, hannunsa ya kusa kai wa rigata. Magatakarda zai zauna da tebur a ƙofar gabas bayan addu'ar rufewa, kafin a buɗe tukwane. Littafi biyu ne a gabansa. Ɗaya na alkawarin tiya da na wata-wata, ɗaya na waɗanda za su koyar da yara. Maganar gonaki kuwa ba ta tebur ba ce, Baba Fasto zai kasance a ofishinsa kowace yamma cikin makon nan, ba kuwa za a karanta sunan kowa a bagade ba. 'Yan'uwanmu na bakin gari, mun aika musu mota tun da safe, ga su nan a benci uku na baya. Ina roƙon masu rabon abinci su fara daga can.

 Ubangiji ya ba mu alheri.